Kasuwar Shinkafi Ta Ƙi Tashi

Salamu alaikum mai gabatarwa, Sani ne daga Zurmi.

Ranar Asabar da safe na tarar kakata ta dama wa kakanmu kunu, alhali bara ya rasu. Gigin tsufa ke damunta. In an ce ya rasu, sabon kuka take dasawa, shi ya sa muke ce mata ya tafi kasuwar Shinkafi.

Ta harare ni ta ce, "Kai Sani, kasuwar Alhamis ce har Asabar? In ya dawo ba tsaraba, waje zai kwana."

Na yi dariya, na zaga bayan rumbu na share hawaye.

Malamai, ƙaryar nan zunubi ce? In zunubi ce, Inna Hajo na wurin, da Bala mai babur, wanda ya shanye kunun.