Hoton da Wuta Ta Rage

A tashar Kalgo, kusa da inda motocin Gwandu ke lodi, Malam Albarka yana zaune rungume da wani abu naɗe cikin zane. Zanen ya zame, sai wani matashi da ke gefensa ya leƙa.

"Baba, wannan ba hoton da Kiristoci ke cewa na Annabi Isa ba ne? Ga ka da carbi a hannu!"

"Shi ne. Na maƙwabcina ne, Bulus tela. Matarsa zan kai wa a Zuru."

"Subhanallahi! Wa ya ga fuskar Annabi har ya zana ta? Haramun ne."

"Ni ma haka na sha faɗa masa. Shekara da shekaru muna musu, ya yi dariya, ya ɗinka mini rigar salla. Yanzu ba na iya rataye shi a ɗakina, ba na kuma iya jefa shi a bola."

"To, ka ƙona shi mana ka huta."

"An riga ni, ɗana. Ranar tarzoma aka cinna wa shagonsa wuta yana ciki. Wannan kaɗai na tsamo daga toka."

Matashin ya gyara zama. "Ai ba wanda ya san da mutum a ciki. An rufe ƙofar da kwaɗo ta waje, sai muka... sai aka ɗauka ya gudu."

Malam Albarka ya daɗe yana kallonsa.

"Ni na sa kwaɗon," ya ce a hankali. "Don ku ɗauka ya gudu."