Ranar da Habboba ta yi amshi ita kaɗai

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Gadarif nake rubuto maka.

Ranar Juma'a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu ta farfaɗo da tsohon wasan waƙa na tafiyar kakanninmu daga yamma zuwa Makka a ƙasa. Da aka fara yin sa bayan samun 'yanci, ayari guda ne ya cika dandamali. Bana 'yan wasan su tara ne kawai, domin motocin gonakin Simsim sun kwashe sauran zuwa yankan riɗi. Saboda haka kowa ya mutu sau uku a hanya, ya tashi ya sake riga.

Na kai kakata, Habboba Hajjo, wadda ta yi amshi a wasan farko. A ƙarshensa, mawaƙi kan tsaya, 'yan kallo su kira sunayen danginsu da aka binne a hanya. Mawaƙi ya tsaya yana jira. Fili cike yake, amma ba wanda ya san sunan kowa. Wani ma ya yi tafi, ya ɗauka an gama.

Habboba ta miƙe tana kiran nata ita kaɗai, har muryarta ta dushe. Wani saurayi a bayanmu ya ce da Larabci, "Hajja, zauna, kin tare mana."

A gida ta ce mini, "'Yar nan, ashe yau aka binne su. Ba ni komawa."

Ita kaɗai ta rage da ta san baitocin amshin, kuma 'yan ƙungiyar ba su gama koya ba. Masu sauraro, me zan faɗa mata?

Zainabu, Gadarif