Me Madam Ta Dafa?

A cikin keke mai ƙafa uku daga Nukkai, da rana tsaka, wani ma'aikacin ofis ya juya wajen matar da ke gefensa.

"Madam, don Allah me kika dafa yau?"

"Ina ruwanka da tukunyata?"

"Yi haƙuri. In na dawo daga cin abinci a gida, 'yan ofis sai sun tambayi abin da matata ta dafa. Sunayen miyar da na sani duk sun ƙare."

"Tambaye ta mana."

"Ta kwashe kayanta tun Ista. Garin rogo nake jiƙawa."

"To, gaya musu gaskiya."

"Su? Kafin a tashi aiki har maigadi ya ji."

Matar ta ja tsaki.

"Ka ce tuwo da miyar karkashi. Nawa mijin yanzu ya cinye, bai ma san me ya ci ba."