Manifol Ɗin Aro

A ɗakin jiran gwajin hayaƙin motoci a garin Husum na Jamus, wani ya zauna kusa da wata mata.

"Baiwar Allah, jar motar can mai gurnani taki ce?"

"Tawa ce. Tun jiya take haka, na rasa dalili."

"Ni dai tawa, tun kafin a gwada ta, ta tsallake an gama. Manifol ɗin tsere, wato bututun shigar iska, na sa wa injin don ya sha iska sosai, doka kuwa ta hana. Sai na aro na asali zuwa gobe."

"A ina?"

"Wajen makanike Sönke. A motar matarsa ya ciro, ya ɗaura mata nawa. Wai ko taya ba ta sani ba."

"Haka ya ce? To, ni ce matar. Tashi, malam, tare za mu shiga wajen masu gwajin."