Binciken da Aka Jefa Ƙarƙashin "Sauransu"

Shugaban taro Malam Nuraddeen, iyayenmu sarakuna, malamai da ɗalibai, jama'ar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, assalamu alaikum. Na gode da aka tuna da tsoho, ko da a ƙurarren lokaci ne.

Tun watan Yulin 2009 maganar nan take cina. A watan na miƙa wa laburaren nan bincikena kan yadda manoma da makiyaya ke adana sanin burtali da mashaya: wa ya san iyaka, wa ake tambaya in rigima ta tashi. Dattawan Badarawa da na Birnin Tsaba suka nuna mini da sandunansu, na auna, na zana.

Abu biyu suka binne aikin nan. Na farko, kowane bincike ana rataya masa kalmomin nema, waɗanda in an buga su a kwamfuta zai fito. Kalmomin da aka ba ma'aikatanmu daga waje aka ɗebo su, na masu nazarin sarrafa bayanai a bankuna da manyan kamfanoni. Babu burtali a ciki, babu mashaya, babu makiyayi. Ma'aikaci ya rasa gurbi, ya jefa aikina ƙarƙashin "Sauransu". Don Allah, wa ya taɓa zuwa neman "Sauransu"?

Na biyu, ƙa'idarmu ce abin da ba a ara ba a kai shi sito. Ba a gani ba, balle a ara.

Bara Mardiyya, ɗiyar ƙanwata, tana yi wa wani kwamitin sulhun manoma da makiyaya aiki, ta kira ni. "Kawu, na buga burtali, na buga makiyaya, ba abin da ya hito. Anya ka yi binciken nan, ko cika baki ne na 'yan boko?" Ita dariya take yi. Kwamitin kuwa ya rubuta cewa ba a taɓa nazarin iyakokin ba.

Ga shi gobe za a fara shigar da ayyukan binciken 'ya'yanmu ɗalibai cikin kwamfutar laburaren nan da waɗannan kalmomin dai. Ina jin tsoro, jama'a, wallahi ina jin tsoro. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A dakata, a zauna da masu binciken, su faɗi kalmominsu da bakinsu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gida lafiya, ya tsare wa yaranmu wahalarsu.

Tawa kam ta wuce. Na shiga siton da kaina, na tarar gara ta cinye. Kwafi ɗaya ne, dattawan kuma duk sun rasu.

Na gode.