Likitan Jakunan Gabukka

Jawabin da Alhaji Bamanga Joda ya gabatar a madadin jama'a, a taron tunawa da marigayi Malam Matiyu Yila, a garken dabbobi na Gabukka, Gombe, ranar Asabar, 14 ga Oktoba, 1978

Ranka ya daɗe wakilin Mai Martaba Sarki, Allah Ya ja zamanin wanda ya aiko ka. Ranka ya daɗe Hakimi. Babban jami'in lafiyar dabbobi na wannan yanki, Rabaran da dattawan ikilisiya, Liman da malamanmu, masu unguwannin Gabukka, Nasarawo da Malam Inna, Sarkin Tike da Sarkin Pawa, iyayenmu na Zumuntar Mata, 'yan'uwan marigayi da suka taso tun daga Kaltungo, sai mai ɗakinsa Mama Edna, da 'yarmu Christy. Na gaishe ku duka. Sannunmu da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Da aka ce ni zan yi magana a madadin jama'a, sai da na nemi a canza. A cikin taron nan akwai waɗanda suka yi boko tare da marigayi, akwai waɗanda suka yi shekara da shekaru suna ibada tare da shi, ni kuwa mai tifa ne wanda ya fara da korar jaki. Mama Edna ce ta aiko mini cewa, "A bar Alhaji ya yi, shi ne Malam ya fi yi wa faɗa." Kun ji dalilin tsayuwata a gabanku.

Malam Matiyu ya zo Gombe shekarar da aka sami 'yancin kai, saurayi siriri, da kekensa da akwatin allura, En'e ta ɗauke shi malamin dabbobi. Ba a daɗe ba aka shiga yaƙi da bushiya, ciwon nan da ke share garken shanu kafin mai shi ya farga. Dattawan Fulani da ke zaune a nan za su tuna yadda iyayenmu ke kora shanu cikin kwazazzabai idan sun hango shi, don suna zaton ɗan leƙen asirin masu jangali ne. Bai kai ƙarar kowa ba. Fillanci ya koya, ya riƙa jingine keke yana zama a kan tabarma, ya sha nono, ya tambayi lafiyar kowace saniya da sunanta, har aka wayi gari Ardo da kansa ke aikowa a kira shi.

Ya kasance mutum ne da ba ya iya wuce dabba tana shan wahala ya kau da kai. Ya kasance mai hannu mai sanyi da harshe mai kaifi. Ya kasance mai taurin kai, ba zan ɓoye wannan ba don ya mutu, domin da taurin kan nan aka gina wurin da muke zaune yanzu.

Kun tuna farin da aka yi shekara biyar da suka wuce. Mutanen arewa suka gangaro mana da abin da ya rage musu na dabbobi, ƙashi da fata. Wadda ke iya tsayawa a sayar wa mahauta, wadda ta kasa a bar ta a bayan tike, kasuwar dabbobi, ungulaye na zaune a gefe suna jira. Mu duka mun gani, muka ce Allah Ya kyauta, muka wuce. Shi kaɗai ne idan ya tashi daga ofis yake ɗaura garwa biyu a keke, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗura musu ruwa. Waɗanda suka farfaɗo ba su da masu su, sai ya rasa inda zai kai su. Marigayi Alhaji Yuguda ne ya kira shi, ya nuna masa wannan fili, ya ce, "Ɗauki, Malam. Shekara goma ina shuka gero a nan bai taɓa yi mini kirki ba, wataƙila lada zai yi." Da kara da igiya aka fara kewaye shi. 'Yan gari suka sa masa suna likitan jakuna don su yi dariya, ya karɓi sunan bai damu ba.

Shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowa ke neman hanyar da zai kutsa aikin gwamnati, shi ya ajiye nasa, ya ce dabbobin sun yi yawa, ba zai riƙa cin albashi rabin zuciyarsa na Gabukka ba. Mun ce ya haukace. Keken ɗinkin Mama Edna ne ya riƙe gidan tun daga ranar.

A wannan shekara ta Udoji ce tawa ta haɗa mu. Jakuna tara nake da su, muna ɗebo yashi daga kwari, da kaka kuma mu kai auduga injin gurza. Gini ya yi yawa a gari, na sayi tifa. Jakunan da ke da ƙarfi na sayar, saura wata tsohuwa baƙa da muke ce wa Duna, ba wanda ya taya. Na kwance mata igiya, na kora ta bakin hanyar Bauchi, na juyo ban waiwaya ba.

Kwana uku bayan haka, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a ƙofar gida da abokai, sabuwar mota na tsaye ana ta sa mata albarka, sai ga Malam Matiyu yana turo amalanke, gumi ya jiƙa masa riga. Duna ce kwance a kai, mota ta karya mata ƙafar baya.

Ya ce, "Bamanga, ka san wannan?"

Na ce, "Malam, jakuna a garin nan ai ba su da iyaka."

Ya ce, "Ita ta san ka. Tun daga kan kwana take ɗaga kai. Shekara nawa ta yi maka aiki?"

Na ce sha huɗu.

Ya dubi tifar, ya dube ni, ya ce, "Da bayan wa aka sayi waccan?"

Can ya ce, "Ban zo in ba ka kunya ba. Ɗori nawa ne, dusa taka ce. Kuma da kanka za ka riƙa kawowa, kada ka aiko."

Ya ce bai zo ya ba ni kunya ba, amma kunyar na ji ta har tafin ƙafata. Kashegari na ɗora buhun dusa a sabuwar tifa na zo nan. Duna ta ƙara shekara biyu a duniya tana ɗingishi, a ƙarƙashin tsamiyar can ta mutu da ƙoshinta.

Haka ya yi da mu duka, kowa da ƙofar da ya shigo masa. Masu injin niƙa na Nasarawo suka riƙa tara masa dusa. Manoma su kawo harawa da karmami bayan girbi. Ma'aikatan injin gurza su roƙo masa angurya. Mahauta su ware ƙashi da tarkacen nama. Iyayenmu na Zumuntar Mata kowace Asabar su cika randunan nan da ruwa kafin su tafi koyon waƙa. Bai taɓa buɗe ofis ba, bai taɓa rataya allo ba, amma babu unguwar da ba ta da hannu a garken nan.

Ba kullum muka yarda da shi ba. Da ya fara kwaso karnukan da aka yasar, mu Musulmin unguwa muka tayar da ƙayar baya, har da ni, muka kai maganar gaban mai unguwa. Liman, kana zaune, kai ka raba gardamar. Ka ce a mayar da ɗakin karnuka can ƙarshen fili nesa da hanyar masallaci, ka kuma tuna mana cewa shayar da kare mai ƙishirwa ma akwai lada a ciki. Malam Matiyu da hannunsa ya rushe ɗakin da ya riga ya gina, ya sake wani inda aka ce, bai yi gunaguni ba.

Ya kasance yana jin magana idan an zo masa da gaskiya. Ya kasance ba ya tambayar addinin mai dabba kafin ya duba ta. Ya kasance idan Bafillace ya zo neman saniyarsa da ta ɓata ya same ta a nan ta warke, abin da kawai zai ce masa shi ne, "Ka riƙa duba kofatonta."

Yanzu zan zo inda ba na son zuwa.

Farkon watan Yulin bana, da hantsi, mahaukacin kare ya faɗa cikin mata masu layin ruwa a famfon Nasarawo. Maza suka tsaya daga nesa suna jifa, jifan kuwa sai ƙara tura shi yake cikin matan, wasunsu da goyo. Malam Matiyu na wucewa a keke. Ya yar da keken, ya fizgi buhun da ke ɗaure a baya, ya shiga tsakani. Ya rufe karen da buhu ya danne shi, amma kafin ya danne, karen ya riga ya cije shi a wuya. Ba mace ko ɗaya da ta sami ko ƙwarzane. Shi da kansa ya kashe karen, mutumin da ya yi shekara biyar yana hana mu kashe su.

An wanke ciwon, an yi masa alluran rigakafin da ake yi a ciki duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Muka saki jiki. Ƙarshen watan Agusta na kawo dusa da rana, na tarar da shi zaune a bakin kwamin ruwan jakuna, riƙe da moɗa. Ya ce, "Alhaji, tun safe nake son in sha, maƙogwarona ya ƙi. Na san wannan ciwo, na sha ganinsa. Ka kai ni asibiti, amma bari in nuna maka abubuwa tukuna."

Muka zaga garken nan, shi a gaba ni a baya. Ya nuna mini dokin da ba ya iya tauna sai an jiƙa masa dusa, da jakar da ke da ciki, da inda yake ajiye maganin ƙaska. Ya kulle ɗakin magani ya miƙo mini makulli. Sannan ya hau gaban tifa. Kwana biyar ya yi a asibiti, shi ya roƙi a ɗaure masa hannuwa tun hankalinsa na jikinsa.

Mama Edna, mu ne muka ci moriyar mijinki, ke kika biya. Kin yi ɗinki har idonki ya yi rauni don kada ya koma aikin da ya bari. Kin dafa abinci ya huce yana can yana karɓar haihuwar saniyar wani. Ba mu taɓa zuwa mun ce miki sannu ba. Yau mun zo, a makare. Ki yafe mana.

Christy, 'yata. Sau uku na zo gidanku, kika ce ba ki son ganin kowa daga garken nan. Ban ga laifinki ba. Kin baro makarantar da kike koyarwa a Kumo kin zo da gudu, aka tare ki a ƙofar ɗakin asibiti, aka ce mahaifinki ne ya hana ki shiga. Ni ne na tare ki. Kin kira shi ta taga, bai amsa ba. Akwai saƙon da ya ba ni in ba ki, mahaifiyarki kuma ta yi mini izini in faɗa a nan, tunda na rasa wata hanya.

Bayan kin daina kira, ya sa na matso. Ya ce, "Ka gaya mata na ji ta, duk kiran da ta yi na ji. In na amsa za ta shigo, ba wanda zai iya riƙe ta, ni kuma ban san abin da bakin nan zai yi ba nan da anjima. Gara ta yi fushi da ni tana da rai." Ya huta, sannan ya ce, "Kuma kada ta riƙe karen a zuciya. Shi ma ciwo ne ya kama shi, irin wanda ya kama ni." Daga nan bai ƙara yin maganar da aka gane ba.

Na sauke, 'yata. Abin da za ki yi da shi naki ne.

Jama'a, a bayanmu yanzu akwai jakuna ashirin da uku, dawakai biyu, shanu huɗu da karnuka goma sha ɗaya. Mako shida ke nan muna karɓa-karɓa, ba wanda ya kwana da yunwa a cikinsu, amma a cikinmu babu mai iya ɗori, babu mai iya allura. Rani kuma na tafe. Babban jami'i ya yi alkawarin turo mana malamin dabbobi sau ɗaya a mako, mun gode masa. Sauran kwana shidan namu ne. Kada mu cika wurin nan yau da manyan riguna, watan gobe a zo a tarar da randuna a bushe. Duk wanda ya saba kawo wani abu, ya ci gaba da kawowa. Wanda bai taɓa ba, Sarkin Pawa na bakin ƙofa, ya gaya masa ranar da zai iya zuwa.

Mun gode wa Mai Martaba da ya turo wakili. Mun gode wa Hakimi, da Rabaran da Liman da suka zauna a tabarma ɗaya saboda wannan bawan Allah. Mun gode wa mutanen Kaltungo da suka ba mu aron ɗansu shekara goma sha takwas, ga shi ba mu iya mayar musu da shi ba. Mi yetti, mun gode ƙwarai.

Ya Allah, Kai Ka halicci mai ƙafa biyu da mai ƙafa huɗu, Kai Ka san abin da Matiyu ya aikata a bayan ƙasa, gare Ka muka bar shi. Ka ba Edna haƙuri, Ka rufa mata asiri. Ka sanyaya zuciyar Christy, Ka zama gatanta. Ka tsare garinmu daga irin wannan ciwo. Ka sa tausayi a zukatanmu ga duk abin da ba ya iya buɗe baki ya yi ƙara. Ka mayar da kowa gidansa lafiya, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da kyau.

Amin.