Ba Bara Na Zo Yi Ba

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rifkatu, maɗinkiya daga Tambuwal. Cutar shan inna ta kama ni tun ina ƙarama, da keken guragu nake yawo.

Da aka sake gina cocinmu, an ɗaga ginin saboda ruwan damina, aka yi matakala biyar. Kekena ba ya hawa, sai aka ba ni wuri a waje, gindin taga. Ran Lahadin da ta wuce wata baƙuwa ta gan ni a nan, ta jefa mini sadaka a cinya. Ni da nake ɗinka wa matan cocin anko!

Na roƙi dattawa a yi mini gangara, babbansu ya ce za ta ɓata fuskar ginin, wai samari su riƙa ɗaukata. Na ce, "Baba, ni ba buhun gero ba ce."

Na sayi siminti. Maƙwabcina magini, Musulmi ne ma, zai yi aikin ran Laraba. Ina gaishe ku dattawa, na san kuna saurare. Ran Lahadi da kekena zan shiga, kuma a layin gaba zan zauna.